Ma'aunan Sarrafawa da Lissafin Ƙunshiyar Gauraye: Misali daga Masana'antar Takin Zamani

1.0 Gabatarwa

Manomin da ya sayi buhun takin kamfa a kasuwa, ya ga an buga lambobi uku a jikinsa, kamar 20-10-10 ko 15-15-15, ba shi da wata hanya ta tabbatar da gaskiyar waɗannan lambobi da idonsa ko da hannunsa. Sai damina ta yi nisa, masara ta yi kore shar ko kuwa ganyenta ya koma rawaya, sannan zai gane abin da ya saya, a lokacin kuwa kuɗi sun riga sun tafi, shekara ma ta tafi. Gaskiyar lambobin nan ta rataya ne a wuyan wani ma'aikaci da ya zauna ya lissafa yawan abin da za a zuba na kowane sinadari kafin a kunna injin gaurayawa.

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana irin wannan lissafi, kamar yadda ake yin sa a fannin injiniyancin sinadarai. Za mu fara da ma'aunan da ake siffanta kowane aikin sarrafawa da su, sannan mu dubi hanyoyin faɗin ƙunshiyar gauraye da yadda ake juya ɗaya zuwa ɗaya, daga nan kuma mu bi sawun taki tun daga iska har zuwa cikin buhu. Abin da ya ja hankalinmu ga wannan batu shi ne abin da muka sha gani a takardun jarrabawar ɗalibanmu, waɗanda gobe su ne malaman kimiyya a makarantun sakandare: ɗalibi ya iya tarawa da rabawa sarai, amma ya rubuta "kashi 21 cikin 100" bai san ko na nauyi yake nufi ko na ƙidaya ba. Kalmomin fannu da muka yi amfani da su a nan shawara ce muke gabatarwa, muna kuma fatan mahalarta wannan taro za su gyara mana inda muka kauce.

2.0 Sarrafawa da Ma'aunanta

Abin da muke nufi da sarrafawa shi ne duk wani aiki da ake yi wa abu domin a sauya yanayinsa ko ƙunshiyarsa, kamar dafawa, da tacewa, da busarwa, da gaurayawa, da haɗa sinadarai biyu su haifi na uku. Kowace sarrafawa tana da abin da ke shiga da abin da ke fita. Domin a tsara ta, ko a lura da ita, ko a gano inda ta sami tangarɗa, dole ne a san wasu adadai game da abin da ke shiga da abin da ke fita ɗin. Waɗannan adadai su muke kira ma'aunan sarrafawa, kuma manyansu su ne nauyi, da gurbi, da saurin kwarara, da matsi, da zafi, da ƙunshiya.

2.1 Nauyi, Gurbi da Nauyin Gurbi

Bahaushe ya daɗe da sanin awo iri biyu. Akwai awon sikeli, wanda ake yi wa auduga da gyaɗa da nama, akwai kuma awon mudu ko tiya, wanda ake yi wa hatsi. Na farko shi ne awon nauyi, kuma ana faɗinsa da giram ko kilogiram ko tan. Na biyu shi ne awon gurbi, watau yawan wurin da abu ya cike, ana kuma faɗinsa da lita ko mita mai sukwaya uku, wadda ke ɗaukar lita 1,000. Abin da ke haɗa su biyun shi ne nauyin gurbi, watau nauyin da lita ɗaya ta abu take da shi. Litar ruwa kilogiram 1 ce, litar asid ɗin salfa mai ƙarfi kuwa kilogiram 1.84 ce.

Akwai wani bambanci babba tsakanin awon biyu wanda ya wajaba ɗalibi ya riƙe. Nauyi yana taruwa, amma gurbi ba lalle ne ya taru ba. Idan aka haɗa kilogiram ɗaya na wake da kilogiram ɗaya na acca, kilogiram biyu za a samu ba ragi ba ƙari. Amma idan aka haɗa mudun wake da mudun acca, ba za su cika mudu biyu ba, domin accar za ta shige cikin kafofin da ke tsakanin waken. Haka abin yake ga wasu ruwaye: mililita 50 ta ruwa da mililita 50 ta itanol suna ba da kimanin mililita 96 ne. Saboda haka ne injiniyoyi suke gina lissafinsu a kan nauyi, bisa ƙa'idar da Lavoisier ya fayyace a 1789, cewa nauyi ba ya ɓacewa kuma ba ya ƙaruwa a cikin haɗuwar sinadarai.

Kuskure a kan nauyin gurbi yana iya jawo babbar ɓarna. A watan Yuli na 1983 wani jirgin sama ƙirar Boeing 767 a ƙasar Kanada ya ƙare da mai yana cikin tafiya a sararin sama. Tafiyar tana bukatar kilogiram 22,300 na mai, amma da aka zo juya lita zuwa nauyi sai aka yi amfani da 1.77, wanda shi ne nauyin lita a awon laba, maimakon kimanin 0.8, wanda shi ne nauyinta a kilogiram. Jirgin ya tashi da abin da bai kai rabin man da yake bukata ba. Matuƙan sun sami sauke shi a wani tsohon filin jirgin soja da ke Gimli ba tare da an rasa rai ba.

2.2 Saurin Kwarara

A manyan masana'antu ba a cika aiki tukunya-tukunya ba. Kaya suna shiga ta bututu suna fita ta bututu dare da rana, don haka abin da ake aunawa shi ne yawan abin da ya wuce a cikin wani lokaci. Ana iya faɗinsa da kilogiram a awa, ko lita a minti. Nauyin gurbi shi ne dai ke haɗa su. Famfon da ke tura lita 500 ta asid ɗin salfa mai ƙarfi a awa yana tura kilogiram 920 ke nan, alhali da ruwa yake turawa da kilogiram 500 ne kawai.

2.3 Matsi da Zafi

Matsin iskar da ke kewaye da mu a bakin teku kilofaskal 101.3 ne, wannan kuma shi ake kira atmosfiya ɗaya. Yawancin agogon matsi da ke jikin tukwane da bututu ba cikakken matsi suke nunawa ba, abin da ya ɗoru a kan matsin iskar waje suke nunawa. Kafin a sa adadin a lissafin iskar gas sai an ƙara masa matsin iskar wurin, shi kuwa wannan yana sauyawa da tudu. A Jos, wadda ke bisa tsaunin da ya kai kimanin mita 1,200, matsin iska wajen kilofaskal 88 ne, shi ya sa ruwa ke tafasa a can a kusan digiri 96 maimakon 100.

Haka nan zafi. A harkar yau da kullum da digirin Salshiyas ake faɗinsa, amma a lissafin gas sai an mayar da shi Kelbin ta hanyar ƙara 273.15. Ɗalibai da yawa sukan ɗauka cewa gas ɗin da aka ɗumama daga digiri 20 zuwa 40 zai ninka gurbinsa. A gaskiya daga Kelbin 293 ne ya tashi zuwa 313, don haka idan matsi bai sauya ba, ƙarin gurbin bai wuce kashi 7 cikin 100 ba.

3.0 Mol

Sinadarai ba bisa nauyi suke haɗuwa da juna ba, bisa ƙidayar ƙwayoyinsu ne. Molekul ɗaya na naitirojin yana haɗuwa da uku na haidirojin su ba da biyu na amoniya. To amma ƙwayoyin nan sun yi ƙanƙantar da ba mai iya ƙirga su ɗaya-ɗaya, shi ya sa aka yi musu dami, kamar yadda ake sayar da ƙwai kiret-kiret. Wannan dami shi ne mol. An sa shi cikin tushen ma'aunan duniya a 1971, kuma tun daga watan Mayu na 2019 ma'anarsa ita ce ƙwayoyi 6.02214076 × 10²³ daidai.

Amfanin mol shi ne kowane sinadari yana da sanannen nauyin mol ɗaya. Waɗanda za mu bukata a wannan takarda, a taƙaice, su ne: haidirojin giram 2, amoniya 17, ruwa 18, naitirojin 28, oksijin 32, kabon dayoksaid 44, yuriya 60, asid ɗin salfa 98. Idan aka raba nauyi da nauyin mol, a sami yawan mol. Idan aka ninka yawan mol da nauyin mol, a koma ga nauyi. A masana'anta da kilomol ake aiki, watau mol 1,000, wanda nauyinsa adadin nan ne dai amma a kilogiram.

4.0 Ƙunshiyar Gauraye

4.1 Kason Nauyi da Kason Mol

Da wuya a sami tsantsar sinadari ɗaya a cikin bututun masana'anta. Kusan kullum gauraye ne, kuma akwai manyan hanyoyi biyu na faɗin abin da ya ƙunsa. Kason nauyi shi ne nauyin sinadari ɗaya a raba shi da nauyin gaurayen duka. Kason mol shi ne yawan mol na sinadarin a raba shi da jimlar mol na gaurayen. Ko wanne aka ɗauka, idan aka tara kason duk sinadaran dole su ba da 1, ko 100 idan bisa ɗari ake faɗi, wannan kuwa ita ce hanya mafi sauƙi ta binciken lissafi.

Al'adar fannin ita ce, idan ba a faɗi komai ba, ƙunshiyar daskararren abu da ta ruwa bisa nauyi ce, ta gas kuwa bisa mol ce. Dalili shi ne a gas, matuƙar matsi bai yi tsanani ba, kason mol da kason gurbi ɗaya ne, domin mol ɗaya na kowane gas yana cike gurbi iri ɗaya a zafi da matsi iri ɗaya, watau lita 22.4 a digiri 0 da atmosfiya ɗaya. Amma dogaro da al'ada ba ya hana kuskure, gara a rubuta a fili.

4.2 Tushen Lissafi da Juya Kaso

Kaso ba ya faɗin yawan gauraye, rabonsa kawai yake faɗi. Saboda haka mai lissafi yana da 'yancin ɗaukar kowane yawa da ya ga zai sauƙaƙa masa aiki, muddin ya rubuta shi a saman takarda bai kuma sauya shi a tsakiya ba. Wannan shi muke kira tushen lissafi. Idan kason mol aka ba mu, mu ɗauki mol 100. Idan kason nauyi ne, mu ɗauki giram 100 ko kilogiram 100.

Mu ɗauki iska alal misali. Busasshiyar iska ta ƙunshi, bisa mol, naitirojin kashi 78.08, oksijin 20.95, agon 0.93, sauran ɗan abin da ya rage kuma galibinsa kabon dayoksaid ne. Don sauƙi akan ce naitirojin 79, oksijin 21.

Tushe: mol 100 na iska.
Naitirojin: 79 × 28 = giram 2,212
Oksijin: 21 × 32 = giram 672
Jimla: giram 2,884

Kason nauyin oksijin shi ne 672 a raba da 2,884, watau kashi 23.3 cikin 100, na naitirojin kuwa 76.7. A nan bambancin bai yi yawa ba, domin nauyin mol na sinadaran biyu ya yi kusa da juna. Amma bari mu dubi gas ɗin da ake haɗa amoniya da shi, wanda rabonsa bisa mol ɗaya ne ga uku.

Tushe: mol 100 na gas.
Naitirojin: 25 × 28 = giram 700
Haidirojin: 75 × 2 = giram 150
Jimla: giram 850

Ashe haidirojin da yake kashi 75 bisa mol, kashi 17.6 ne kacal bisa nauyi, naitirojin da yake kashi 25 kuwa ya zama 82.4. Wanda ya ji "ɗaya ga uku" ya tafi sikeli ya auno giram 25 na naitirojin da giram 75 na haidirojin, ya sami mol 0.89 da mol 37.5 ke nan, watau ɗaya ga arba'in da biyu.

4.3 Matsakaicin Nauyin Mol

Gauraye ba shi da nauyin mol nasa na kansa, amma ana iya samar masa matsakaici ta hanyar raba jimlar nauyi da jimlar mol. Na iska, bisa lissafin da ya gabata, 28.84 ne, wanda akan cika shi zuwa 29. Na gas ɗin amoniya 8.5 ne. Hanya ta kusa ita ce a ninka kowane kason mol da nauyin mol ɗinsa a tara. Kuskuren da muka fi cin karo da shi a nan shi ne yin wannan ninki da kason nauyi: 0.824 × 28 a tara da 0.176 × 2 yana ba da 23.4, wanda ya kusa ninka amsar gaskiya sau uku. Idan kason nauyi ne a hannu, sai a raba kowanne da nauyin mol ɗinsa, a tara, sannan a raba 1 da abin da aka samu. A misalinmu jimlar 0.1174 ce, kuma 1 a raba da 0.1174 ya dawo da mu ga 8.5.

4.4 Ƙarfin Narkakken Sinadari

A ɗakin gwaji an fi faɗin ƙunshiyar ruwaye da mol a lita. Kwalbar asid ɗin salfa takan zo da rubutun kashi 98 bisa nauyi da nauyin gurbi 1.84. Idan muka ɗauki lita ɗaya a matsayin tushe, nauyinta giram 1,840 ne, tsantsar asid a ciki giram 1,803, wanda idan aka raba da 98 ya ba da mol 18.4 a lita. Malamin da zai shirya wa ɗalibansa ruwan gwaji ba shi da makawa daga wannan lissafi. Abin da yake ɗan ƙalilan ne ƙwarai kuwa, da kaso cikin miliyan ake faɗinsa. Ko a nan ma sai an bayyana miliyan ɗin na mene ne, nauyi ko mol.

5.0 Daga Iska zuwa Buhu

5.1 Amoniya

Tushen duk takin naitirojin na zamani shi ne amoniya. Fritz Haber ya nuna yadda za a haɗa ta daga naitirojin da haidirojin a 1909, Carl Bosch kuma ya mayar da gwajin aikin masana'anta, aka buɗe ta farko a Oppau ta ƙasar Jamus a 1913. Naitirojin daga iska ake samunsa, haidirojin kuwa a yau galibi daga iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa da tururin ruwa. Wannan ne dalilin da ya sa masana'antun yuriya na Nijeriya suke kudu inda gas yake: ta Onne da aka fara aiki da ita a ƙarshen shekarun 1980, da ta Eleme, da kuma ta Dangote a Lekki da aka ƙaddamar a 2022 da ƙarfin tan miliyan 3 a shekara.

Ana yin haɗin ne a kan ƙarfen da ke zaburar da shi, a zafin digiri 400 zuwa 500 da matsin da yakan kai atmosfiya 150 zuwa 250. Duk da haka, a zagaye ɗaya abin da ke zama amoniya bai fi kimanin kashi 15 cikin 100 ba, don haka sai a sanyaya gas ɗin, amoniyar ta zama ruwa a cire ta, sauran a mayar da shi tukunya. A nan ne agon ɗin da muka yi watsi da shi ɗazu yake dawowa da matsala. Ba ya haɗuwa da komai, ba ya kuma fita tare da amoniya, sai ya yi ta taruwa a cikin zagayen har ya rage ƙarfin aikin.

Lissafin maganinsa gajere ne. A iska, kowane mol 78.08 na naitirojin yana tafe da mol 0.93 na agon, saboda haka mol 25 na naitirojin ɗin da ke cikin mol 100 na sabon gas yana shigo da kimanin mol 0.3. Mu ɗauka, don misali, an ƙayyade cewa agon kada ya wuce kashi 5 cikin 100 a wurin da ake fitar da gas. Dole abin da ke fita ya yi daidai da abin da ke shiga, don haka gas ɗin da za a riƙa fitarwa shi ne 0.3 a raba da 0.05, watau mol 6 ga kowane mol 100 da ya shigo. Idan aka fitar da fiye da haka an yi asarar haidirojin mai tsada, idan aka gaza kuwa agon ya ci gaba da taruwa. A masana'anta ta gaske akwai kuma ragowar mitan da ke taruwa tare da shi, amma hanyar lissafin ɗaya ce.

5.2 Yuriya

Mol biyu na amoniya da mol ɗaya na kabon dayoksaid suna ba da mol ɗaya na yuriya da mol ɗaya na ruwa. Bisa nauyi, 34 da 44 sun ba da 60 da 18. Idan muka ɗauki tan ɗaya na yuriya a matsayin tushe, ana bukatar kilogiram 567 na amoniya da 733 na kabon dayoksaid, ruwan da zai fita kuma kilogiram 300 ne. Abin da ya shiga 1,300, abin da ya fita 1,300.

Amoniyar nan kilomol 33.3 ce, wadda ke bukatar kilomol 16.7 na naitirojin da kilomol 50 na haidirojin, watau kilogiram 467 da 100. A digiri 0 da atmosfiya ɗaya wannan gas zai cike lita kusan miliyan ɗaya da rabi. A atmosfiya 200 da digiri 450 kuwa, kimanin lita 20,000 zai cike, ko da yake a irin wannan matsi sai an yi wa ƙa'idar gas gyara kafin a sami adadin ƙarshe. Wannan ya nuna cewa faɗin gurbin gas ba tare da faɗin zafi da matsinsa ba magana ce marar ma'ana.

A cikin giram 60 na yuriya, 28 naitirojin ne, watau kashi 46.7 cikin 100. Ta kasuwa, saboda 'yar lema da sauran abin da ba a rasa ba, 46 ake rubuta mata. Buhu mai kilogiram 50 yana ɗauke da kilogiram 23 na naitirojin ke nan.

5.3 Haɗa Kamfa 20-10-10

Lambobi ukun da ke jikin buhu kason nauyi ne bisa ɗari. Na farko naitirojin ne. Na biyu da na uku kuwa, bisa tsohuwar al'adar masu gwajin taki, ba tsantsar fosfaras da fotasiyam suke nufi ba, nauyin oksaid ɗinsu suke nufi, wanda a cikinsa fosfaras kashi 43.6 ne, fotasiyam kuma kashi 83. Shirin samar da taki na Gwamnatin Tarayya da aka fara a ƙarshen 2016 ya ginu ne a kan gauraya 20-10-10 a cikin gida daga abubuwa huɗu: yuriya mai lamba 46-0-0, da fosfet na DAP mai lamba 18-46-0 daga Maroko, da fotash mai lamba 0-0-60, da dutsen farar ƙasa don cike nauyi.

Tushe: kilogiram 1,000 na taki. Ana bukatar naitirojin 200, fosfet 100, fotash 100.

Dabarar ita ce a fara da sinadarin da ke da mafita ɗaya tak. Fosfet daga DAP kaɗai yake zuwa, don haka 100 a raba da 0.46 ya ba da kilogiram 217.4. Fotash 100 a raba da 0.60 ya ba da 166.7. To amma DAP ɗin nan ya taho da naitirojin nasa, watau 217.4 × 0.18, kilogiram 39.1. Abin da ya rage wa yuriya ta kawo shi ne 160.9, wanda idan aka raba da 0.46 ya ba da kilogiram 349.7. Jimlar ukun 733.8 ce, saura 266.2 na farar ƙasa.

Wanda ya manta da naitirojin ɗin da ke cikin DAP zai zuba yuriya kilogiram 434.8, ya yi asarar kilogiram 85 a kowane tan, kusan buhu biyu. Wanda ya ajiye sikeli ya koma awon kwano kuwa, kuskurensa a kan manomi zai faɗa. Mu ɗauka litar yuriya kilogiram 0.75 ce, ta fotash kuma 1.05, waɗanda adadai ne da suka yi kusa da abin da akan samu. Idan aka so rabi da rabi bisa nauyi amma aka auna kwano ɗaya-ɗaya, yuriya za ta zama kashi 41.7 ne, naitirojin ɗin gaurayen kuma ya sauko daga 23 zuwa 19.2. Dokar kula da ingancin taki ta 2019 ta tanadi hukunci ga wanda ya sayar da takin da sinadarinsa ya gaza abin da aka rubuta a buhu, ko da gangan ya yi ko da kuskure, illar da ke gona ɗaya ce.

6.0 Abin da Ya Shafi Koyarwa

Daga abin da ya gabata muna ba da shawarwari huɗu ga masu horar da malaman kimiyya. Na farko, kada a karɓi adadi daga ɗalibi sai da ma'auninsa, kada kuma a karɓi kaso sai ya faɗi ko na nauyi ne ko na mol ko na gurbi. Na biyu, a ware maki na musamman ga rubuta tushen lissafi a saman amsa, har abin ya zame wa ɗalibi jiki. Na uku, a saba masa da binciken amsarsa da kansa: kasonni su taru su ba da 100, abin da ya shiga ya yi daidai da abin da ya fita, matsakaicin nauyin mol kuma ya faɗo tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girma. Na huɗu, a fara darasi da abin da ɗalibi ya sani. Mudu biyu, da wake, da acca, da sikelin mahauta sun isa a nuna bambancin nauyi da gurbi a makarantar da ba ta da ɗakin gwaji, buhun taki da babu komai a cikinsa kuma ya isa darasin mako guda.

Game da kalmomi, mun lura cewa "nauyi" da "matsi" da "zafi" ba sa ba ɗalibai wahala, domin sun taso da su. "Gurbi" da "nauyin gurbi" su ne suke bukatar ƙarin nazari. Mun guji kalmar "kauri" da gangan, saboda a Hausa tana kai hankali ga yadda abu yake zuba, kamar kaurin kunu, alhali man gyaɗa ya fi ruwa kauri amma litarsa ba ta kai ta ruwa nauyi ba.

7.0 Kammalawa

A wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa lissafin ƙunshiyar gauraye bai wuce tarawa da ninkawa da rabawa ba, kuma wahalarsa tana wajen sanin abin da kowane adadi yake nufi. Mun ga yadda kashi 75 bisa mol ya zama 17.6 bisa nauyi, da yadda agon da bai kai kashi ɗaya cikin iska ba yake tilasta fitar da gas daga zagayen amoniya, da yadda mantuwa ɗaya take cin kilogiram 85 na yuriya a kowane tan. Ba mu taɓo lissafin makamashi ba, haka nan ba mu shiga batun gas a matsi mai tsanani ba, waɗannan suna bukatar takarda tasu daban. Muna roƙon wannan taro da ya dubi kalmomin da muka gabatar, ya amince da waɗanda suka dace, ya musanya waɗanda ba su dace ba, domin malamin da ke Sakkwato da wanda ke Yola su riƙa kiran abu ɗaya da suna ɗaya.